Ƙwaron Itace a Gidan Manomi: Yadda Ake Gane Shi da Yadda Ake Maganinsa

Manomi, idan an auna audugarka, an cire bashin taki da na magani, kuɗi ya shigo hannu, sau da yawa abin da kake fara tunawa shi ne gyaran gida. Wani ya sayi kwano da katako ya sauke jinka, wani ya sa kafinta ya yi wa amarya gado da kabad, wani ya sake ƙyauren zaure. Haka ake yi nan Jambutu da sauran unguwannin Garwa, haka ake yi a Pitowa da Gashiga da Ngong. To, amma sau nawa ka ga ɗakin da aka rufa bara, bana ga wani farin gari yana zubowa daga rafta a kan shimfiɗa? Uwargida ta share da safe, kafin la'asar ya sake taruwa. Wannan garin kuɗin audugarka ne ke zubowa. Mai niƙa shi kuwa wata 'yar tsutsa ce da ke cikin itacen.

Wane ne wannan ƙwaro?

Uwarsa wani ɗan ƙwaro ne mai taurin baya, ja-ja ko baƙi-baƙi, siriri, tsawonsa bai kai ƙwayar shinkafa ba. Da dare yake fitowa, yana kuwa tashi, shi ya sa ba ka cika ganinsa ba. Masana suna ce wa wannan irin Liktus. Macen takan bi jikin katako tana ɗanɗanawa. In ta ji akwai abinci, sai ta zura ƙwanta cikin 'yan ƙofofin nan na itace waɗanda ruwa ke bi sa'ad da itacen yake da rai. Bayan mako ɗaya zuwa uku ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsa fara mai lanƙwasa ta fito, ta shiga ci. Tana ci tana gaba, tana barin gari a bayanta. Takan yi watanni a haka, wani lokaci har shekara. A ƙasar zafi irin tamu abin ya fi sauri. In ta ƙoshi sai ta matso kusa da bayan katakon ta kwanta, ta rikiɗa ta zama ƙwaro, ya huda ya fita neman aure.

Ka lura da wannan da kyau, gama shi ne tushen darasin. Hudar da kake gani a jikin katako ƙofar fita ce. Wanda ya yi ta ya riga ya ci ya ƙoshi ya tafi. Masu ɓarna a yanzu suna can ciki inda ido ba ya kai, kuma katakon da ke cike da su yana iya zama sumul a waje, ba huda ko ɗaya. Saboda haka mutumin da ya fesa magani a bayan rafta ya koma ya kwanta, bai taɓa tsutsar ba.

Akwai wani dangi nasu da ya fi girma, mai dunƙulallen kai kamar ya sa hula ya sunkuya. Wannan shi uwar da kanta take huda itace ta shiga ta yi ƙwai. Shi ya fi bin sandunan da aka saro daga daji da ɓawonsu, da dirkoki, da itacen wuta, da ƙotar fartanya. Ƙaraminsu shi ne mai cin gora, wanda kan mai da tankar ɗaki gari cikin damina biyu. Cikin danginsu akwai wani mugu da ya zo daga ƙasashen Amurka ta Tsakiya. An fara ganinsa a Tanzaniya a ƙarshen shekarun 1970, aka gan shi a Togo a 1984, daga nan ya bazu cikin Afirka ta Yamma. Shi yakan ci masara da busasshen rogo, ya kuma ɓuya cikin itacen rumbu ya jira sabon amfani. Wannan ya isa ya nuna maka itacen rumbu da hatsin da ke cikinsa duk magana ɗaya ce.

In ka ji ana maganar tsutsar katako ta Faransa ko Ingila, wadda kan yi shekara uku ko huɗu cikin tsohuwar kujera, wannan wani iri ne dabam, mai son sanyi da laima. Namu ba ya tsoron fari. Itace busasshe ƙarau shi ne abincinsa.

Abin da yake nema

Sitaci yake nema, irin wanda ke cikin rogo da masara. Itace mai rai yakan ajiye sitacinsa a farin gefen nan da ke tsakanin ɓawo da zuciya. Ka dubi guntun maɗaci ko na ƙirya da aka yanka da zarto. Za ka ga tsakiya ja ko baƙi, gefe kuwa fari. Zuciyar ba ta da sitaci, ƙwaro ba ruwansa da ita. Farin gefen shi ne tuwonsa. Shi ya sa za ka ga dirkar ƙirya ta shekara da shekaru, bayanta ya zube sarai, cikinta kuwa ko gatari sai ya yi da gaske.

Haka azara take. Bayan giginyar da ta tsufa, baƙin nan mai tauri, ba abin da ke iya masa. Amma in mai faskare ya bar farin ɓargon ciki da yawa don azarar ta yi kauri a ido, nan ɓarna za ta fara.

Katakon da ake sayarwa a Garwa daga kurmin kudu da na gabas yake zuwa, ta Ngaundere. 'Yan katako sun raba shi biyu, fari da ja. Farin, wanda mafi yawansa ayus ne, shi ya fi araha, ya fi sauƙin ɗauka, ƙusa na shigarsa ba wuya. Amma fa shi ayus ba shi da wata zuciya mai tauri da za ta kare shi. Duk jikinsa ƙwaro na iya ci in ba a yi masa magani ba. Jan katako, irin su iroko da safeli, zuciyarsa ba ta ciwuwa, sai dai sau da yawa akan bar farin layi a gefen falanki, ƙwaro ya bi wannan layin ya cinye shi tas.

Gara ce ko ƙwaron itace?

Kada ka haɗa su, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Gara daga ƙasa take tasowa. Takan gina hanya da jar ƙasa a jikin bango ko dirka, ta ci cikin itace ta cika wurin da ƙasa. In ka fasa za ka tarar da ita da rai, fara, da yawa. Ƙwaron itace ba ya gina hanya, ba ya kawo ƙasa, ta sama yake zuwa. Alamarsa huda ce zagayayya tsaf, kamar an soka allura ko ƙusa, da gari mai launin itacen.

Ɗebi garin ka murza a yatsa. In ya yi laushi kamar hoda, hudar kuma ƙarama ce, milimita 1 zuwa 2, wato kamar bakin babbar allura, to Liktus ne. In garin ya ɗan yi gauri, ya kuma danƙare cikin ramin, hudar ta kai kaurin tsinken ashana ko ta fi, to mai dunƙulallen kai ne. Wani lokaci cikin dare, in gari ya yi tsit, za ka ji ƙas-ƙas cikin sabuwar dirka. Wannan babbar tsutsa ce wadda ta shigo tun itacen yana ɗanye. Ita in ta fita ba ta cika komawa busasshen itace ba.

Sai ka san ko ɓarnar tana ci gaba ko ta tsaya, kada ka kashe kuɗi a kan ramin da ba kowa. Share wurin sarai. Shimfiɗa baƙin zane ko baƙar leda a ƙarƙashi. Ɗauki alli ka kewaye hudojin da ke wani yanki mai faɗin tafin hannu, ka ƙidaya su. Bayan mako biyu ka komo. In ka ga sabon gari ya yi 'yan tsibi a kan zanen, ko ka ga hudar da ba ta da alli, suna nan. Sabuwar huda bakinta fari ne fes, tsohuwa kuwa ta yi duhu da ƙura da hayaƙi. Amma kada garin da ya zubo don an buga ƙofa ko iska ta girgiza rufi ya ruɗe ka, tsohon rami ma yakan zubar in an jijjiga shi.

Daga nan ɗauki basilla ko doguwar ƙusa, ka hau ka bi rafta ɗaya-ɗaya kana sokawa, tun ba wajen da ta hau bango da wajen da aka buga ƙusa ba. Ka ƙwanƙwasa da ƙotar guduma. Itace mai lafiya yakan amsa da ƙarfi, wanda aka cinye kuwa sai ka ji luf. In basilla ta tsaya a baya-baya, itacen zai yi magani. In ta nutse kamar tsawon gaɓar yatsa ba ka matsa ba, wannan rafta ta gama aiki, ba maganin da zai mayar mata da ƙarfi. Tokare rufin da gwafa tukuna, sa'an nan ka cire ta ka sa wata. Ka yi wannan aiki da rani. Ka san irin iskar da ke zuwa gaban ruwan fari a watan Afrilu da Mayu. Kwanon da ƙusarsa ke riƙe da gari kawai, tashi ɗaya za ta yi da shi, in an yi rashin sa'a ya faɗa wa ɗan maƙwabci. Itacen da ka cire kuwa kada ya kwana. A kai shi murhu ran nan, gama cike yake da ƙwai da tsutsa.

Rana ita ce babban magani

Allah ya ba mu abin da mutanen wasu ƙasashe ke saye da tsada. Ƙwaron itace, da ƙwansa da tsutsarsa, ba sa jure zafi mai tsanani. Tun 2002 ƙasashen duniya suka yarda da ƙa'ida ɗaya game da akwatunan katako da ake loda kaya a ciki zuwa wata ƙasa: a gasa katakon har tsakiyarsa ta kai digiri 56, ta zauna haka minti 30. Wannan ya isa kashe abin da ke ciki. A Garwa kuwa cikin Maris da Afrilu zafin inuwa kansa yakan wuce digiri 40.

To, ga yadda za ka yi da gado, ko kujera, ko akwati, ko ƙyaure, ko karkiyar shanu. Kwance abin da ke kwantuwa. Shimfiɗa tsohon kwano a filin da rana ke duka tun hantsi har la'asar. Naɗe kayan cikin baƙar leda wadda ba ta huje ba, ka ɗaure bakin tam, ka ɗora a kan kwanon. Ka juya shi kullum, ka bar shi kwana uku ko huɗu. Dalilin kwanakin shi ne zafi ba ya ratsa itace da sauri. Bayan ya yi zafi har hannu ba ya taɓuwa, ciki yana nan da sauran sanyi, tsutsa kuwa can za ta gudu. Falankin gado ba wuya ya gasu. Abu mai kauri kamar turmi yana da wuyar ratsuwa, yana kuma iya tsagewa. Shi da akushi da muciya da ludayi, tafasasshen ruwa ya fi musu. A zuba, a bar shi ya huce a ciki, a sake, sa'an nan a shanya a inuwa.

In kayan sun fito daga leda sun huce, goge su, ka toshe hudojin da kakin zuma ko da garin katako da aka kwaɓa da gam, ka shafe su da fenti ko banis. Fenti ba ya kashe tsutsar da ke ciki, amma yana rufe 'yan ƙofofin da uwa ke zura ƙwai. Ka tsaya a kan kafinta ya shafa ko'ina. Al'adarsu ce su shafa inda ido ke gani, su bar ƙarƙashin gado da bayan kabad da gindin ƙafafu, nan ne kuwa ƙwaro ke shiga.

Itacen da ba ya ciruwa

Rafta da gimshiƙi da madogarar ƙofa ba za su shiga leda ba. Su sai magani. Kankare ruɓaɓɓen gefen da gizago har ka kai itace mai ƙarfi, ka share garin, don magani ba ya ratsa gari ko tsohon fenti. A kantunan kayan gini akwai maganin da aka yi musamman don katako, irin su Xylophène. Karanta takardar gwangwanin, ko ka sa a karanta maka. Shafa da burushi sau biyu ko uku har itacen ya sha, sa'an nan ka ɗura cikin hudojin da sirinji, ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai cin rai, amma ɗurin nan shi ke kai wa tsutsa. A fitar da abinci da randa da shimfiɗa tukuna, a buɗe ƙofa da taga, kada a kunna wuta ko taba, kada kuma kowa ya kwana ciki sai wari ya fita sarai. Bayan wata biyu ko uku ka sake gwajin baƙin zane. Kada ka yi mamaki in ka ga 'yan hudoji sababbi da fari, waɗanda suka riga suka rikiɗa ne ke fitowa.

In kana iya samun boraks, wani farin gishiri ne, yana da kyau ƙwarai, ba shi da wari, dafinsa ga mutum kaɗan ne. Narka rabin kilo cikin lita 10 na ruwan ɗumi. Ya fi shiga itacen da bai gama bushewa ba, kuma in an jiƙa gora ko sanda a cikinsa mako guda ya fi a shafa. Aibinsa ɗaya, ruwan sama yana wanke shi, saboda haka na cikin ɗaki ne. Shi ma ba a sa shi a kayan abinci.

Baƙin man mota da mutane ke shafawa yana hana uwa yin ƙwai, ba laifi a dirkar rumfa ko a garkan shanu. Amma ban da ɗakin kwana, ban da rumbu, ban da ɗakin da kake tara auduga kafin ranar awo. Auduga in ta taɓa mai ta ɓaci, a wurin awo za a mai da ita baya, ga shi kuma mai da auduga in suka haɗu da tartsatsi ba a kashe su da sauƙi.

Maganin auduga na gona ne

Wannan ita ce maganar da ta fi kowace nauyi a takardar nan. Tun da kamfanin CFDT ya kawo noman auduga na sayarwa arewacin Kamaru a farkon shekarun 1950, har SODECOTON ta gaje shi a 1974, gidan manomin auduga ya saba da gwangwanin maganin feshi. In ya ga gari na zuba daga gado, ga ragowar magani a lungu, ga famfo a rataye, sai zuciya ta ce masa, abin da ya kashe tsutsar auduga ai zai kashe ta katako. Kada ka yi. Maganin da ƙungiyarku ta ba ka bashi an haɗa shi ne don ganye, a fili, inda rana da iska za su cinye shi. A bayan katako zai tsaya, ba zai kai wa tsutsa ba. Wanda zai kai wa shi ne jaririn da ke kwana a gadon, da yaron da ke lasar hannu, da mai ciki da ke shaƙa dare duka a rufaffen ɗaki. Ta fata ma yana shiga. A lardin Borgu na ƙasar Benin, a kakar auduga ta 1999 zuwa 2000, mutane da yawa sun mutu saboda wani maganin auduga mai suna endosulfan, galibi don ya taɓa abinci. A 2011 ƙasashen duniya suka sa shi cikin magungunan da za a daina. Irin su lindan da diyaldirin, waɗanda dā ake shafa wa katako, su ma an hana su. In wani ya kawo maka magani a kwalbar da ba takarda ya ce na katako ne, bar masa abinsa.

Haka nan ƙwayar nan ta fostoksin da ake sa wa buhunan hatsi. Iskar da take fitarwa tana ratsa tsagar bango ta kashe mutanen da ke barci a ɗaki na kusa. Ba a sa ta a gidan da mutane ke kwana. In kuwa tsautsayi ya sa wani ya shaƙi magani, ka ga yana amai, yawu na zuba, yana gumi ko jiri, a fitar da shi iska, a tuɓe masa tufafi, a wanke shi da sabulu, a kai shi asibiti nan da nan tare da gwangwanin. Kada a tsaya ba shi madara ko manja.

Tun ba a kafa itacen ba

Duk wannan wahala, rabinta a wurin saye da sara ake kauce mata. In ka je sayen katako, ɗaga na sama ka dubi tsakanin falankai. In ka ga gari ko huda, wuce gaba, kome arahar. In jan katako ne, zaɓi wanda ba farin layi a gefe, ko ka sa a yanke shi. In aljihu bai kai sai fari ba, to shafe shi da magani yana ƙasa, fuska huɗu da bakin yanka, kafin kafinta ya hau da shi. A ƙasa aikin yini ɗaya ne, a sama kuwa na mako ne, kuma inda rafta ta kwanta kan bango ba za ka ƙara kai masa ba.

Game da gora da sandunan daji, nemi izinin malaman daji kafin ka sa gatari. Lokacin sara kuma yana da muhimmanci. Sitaci ya fi yawa a jikin gora a ƙarshen rani, sa'ad da take tanadin abin da za ta yi sabon toho da shi. Wannan kuwa shi ne daidai lokacin da yawancinmu ke tunawa da gyaran jinka. Gara ka sara da kaka, bayan ɗaukewar ruwa, ka zaɓi wadda ta shekara uku ko huɗu. Na san lokacin tsinkar auduga ne, hannu ba ya isa, amma yini ɗaya ya wadatar. Sanda kuwa ka ɓare ɓawonta tun tana ɗanya. Sa'an nan ka yi yadda tsofaffi ke yi, ka ɗaure su dami-dami, ka danne da duwatsu cikin ruwa, a gefen Binuwai ko a tafki, wata ɗaya zuwa biyu. Ruwa yakan cinye sitacin. Za su fito da ɗan wari, amma yana gushewa in sun bushe. Shanya su a inuwa, a kan duwatsu, kada su taɓa ƙasa. Hayaƙi ma yana taimako. Ka dubi rufin madafi, da wuya ka ga gari na zuba daga gare shi. Ƙotoci da karkiyar da ba a aiki da su da rani, rataye su can.

Kafin sabon hatsi ya shiga rumbu, fitar da tsohon duka, ka share, ka ƙone sharar, ka bi itacen gindi da na baki da basilla, wanda ya huje a sake shi. Itacen wuta kuma a tara shi nesa da ɗaki da rumbu, a fara ƙona na bara kafin a taɓa na bana.